Gida Shida Babu Rufi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Wannan takarda ta fito daga hannun Tanko magini na Kurfi zuwa ga ɗansa Iro. Ina gaishe ka gaisuwar uba, da fatan motar da ta ɗauke ka ta sauke ka Dutsin-Ma lafiya, kai da cokalinka na gini da ɗan akwatin da ka tsinci takardar nan a ƙarƙashinsa. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin hanya da na mutum, amin.

Bayan haka, na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, tuwo ɗaya muke ci, me ya kai ni ga takarda? Bakina ne. Duk ranar da na zauna zan yi maka maganar hankali, kafin in kai tsakiya sai wani abin dariya ya faɗo mani, kai dariya ni dariya, mu tashi ba a ce komai ba. Ranar Talata ka durƙusa gabana ka roƙe ni filinmu na bakin hanyar Dutsin-Ma. Ka ce za ka yanka shi ka jera gidaje takwas na bulo da kwano, Alhaji Rabe mai mota ya kawo siminti, ku sayar ma ma'aikata ko ku ba su haya. Me na ce maka? Na ce to, a nemo mani wando da takalmi nima in zama ma'aikaci. Ka yi dariyar dole ka fita. Ni kuwa tun ranar tuwo bai yi mani daɗi ba.

Ka san abin da filin nan yake gare mu. Magini ba shi da aiki da damina, can nake tarewa in yi noma, kuma geron da ke rumbun uwarka daga kaka zuwa kaka daga can yake fitowa. In na ba ka, Allah ya dafa maka, mun huta. In na ba ka abin ya ƙi, mun tashi ba gida ba gona. In kuwa na hana ka, na san halinka, ba za ka ce uffan ba, za ka tafi ka yi ta ɗora ma wasu bulo har bayanka ya tanƙware irin nawa. Kwana uku ina juya abin nan, duk gefen da na tsaya sai in ga wancan ya fi gaskiya. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko alƙalami ya fi ni sanin abin da nake nufi. Ka yi haƙuri da rubutun. Rani biyu kaɗai na yi a ajin manya, shi ma rabin lokacin ina duban wata tsaga a bangon ajin ina cewa wane sakarai ne ya gina wannan. Sai daga baya na tuna ni ne.

Bari in fara daga inda ƙafata ta fara zamewa.

Shekara goma sha biyar ina bin Kawu Mani, ƙanen uwata, tun ina cuɗa ƙasa da ƙafa har ya yarda in ɗora tubali. Sana'a ce da ba ta da ruɗu. Mutum ya kira ka, ya zana maka ƙasa da sandarsa, ya ce nan zaure, nan ɗakin tsohuwata, nan turken awaki. Ka gina, ya sallame ka, ya kuma yi ta zaginka duk shekarar da ɗaki ya yi yoyo. Da na tsaya nan, da yanzu ina barcin rana maimakon fama da alƙalami.

To, sai ga wani kango a bayan kasuwar Kurfi, masu shi sun koma wajen Barkiya sun bar ma jemagu. Magajin gidan ya ce in ina so in ɗauka, abin da ya nema ko jaki mai kyau ba zai saya ba. Na saya, don kawai ina jin haushin ganin bango mai ƙwari yana zubewa. Na tayar da katanga, na sake azara, na yi yaɓe na bi da makuba, shafen ɓawon ɗorawa mai sa bango ƙwari. Daga nan hannuna ya ƙi tsayawa. Na ɗaura bakan gizo a zaure, lanƙwasar nan da ke riƙe rufi irin wadda ake yi ma manya, na fitar da zanko kamar ƙaho saman kowace kusurwa, na zane ƙofar gida har masu zuwa kasuwa na tsayawa kallo. Rani guda cur na ba gidan nan. Alhaji Bawa mai hatsi ya zo ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya saya. Bayan mako biyu na bi ta wurin don in ji ana yabona. Na tarar an toshe tagogi, buhunan dawa sun hau har sun rufe bakan gizon, ko inuwarsa ba ka gani.

Na ce, "Alhaji, zauren fa?"

Ya ce, "Wane zaure? Sito na saya, Tanko. Wannan makubar taka ɓera ya gwada ya haƙura. Allah ya yi maka albarka."

Saboda haka, Iro, kafin ka zuba ƙarfinka a kan ado, ka san wanda zai saya da abin da yake nema. Sai dai ka riƙe wannan nasiha da hannu ɗaya, don kango na biyu na yi shi fayau ba ko zane, mai sayen ya tsaya tsakiyar zaure ya ɗaga kai ya ce ya ji labarin bakan gizon Tanko, ina nashi? Har yau ban gane darasin da ke cikin waɗannan gidaje biyu ba. Na dai faɗa maka duka, ka zaɓa.

Haka na yi ta yi, in saya in gyara in sayar, har kango biyar. Sunana ya fita. Har aka fara cewa in Tanko ya gaishe ka yana duban bangonka, ka tara 'ya'yanka ka yi wasiyya. Na ɗinka riga, na sayi keke, kaina ya kumbura. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a kango wani ya riga ya yi mani tunani. Wanda ya fara kafa gidan, Allah ya jiƙansa, shi ya zaɓi inda ƙofa za ta duba, shi ya san inda ruwa ke bi, shi ya yi rigima da maƙwabta ya gama. Ni hannu kaɗai nake sawa, amma ina tsammani kai nake sawa. Wannan kam ka riƙe shi da hannu biyu: iya gini daban, iya gyara daban, tsayawa a fili fetal ka ce nan za a yi unguwa kuma wani abu ne da ban san sunansa ba har yau.

Wata shekara gyaɗa ta yi kyau, Dutsin-Ma ta cika da baƙi, malaman makaranta da na asibiti da masu awo, kowa na neman wurin sa haƙarƙari. Lokacin kana da shekara biyar ko shida. Na ce me ya sa zan jira mutum ya tashi ya bar mani kango? Na ɗauki goro na je wajen mai gari, aka ba ni filin nan gaban shaidu, lokacin ko karen gari ba ya zuwa can. Na auna da ƙafa, ya ba ni gida takwas, kamar dai yadda ya ba ka. Na sayar da kangon ƙarshe, na haɗa da tumakin uwarka, da izninta, wanda na nema bayan an kai su kasuwa.

Kuskure na farko, ƙasa. Kududdufin gari yana da nisa, masu jakai kuma sun ga baƙo. Sai dabara ta zo mani, kuma ka ji tsoron ranar da dabara ta zo maka da sauƙi. Na ce ai filin nawa ne, ƙasar da ke ciki ma tawa ce, wa zai hana ni? Muka fara haƙa ta gefen gabas. Ƙasar gida ɗaya rami ne da ba ya wuce ƙugu, shi na saba gani. Ban taɓa ganin ramin da unguwa ke fitowa daga cikinsa ba. Akwai wani Bafulatani, Ja'e, da ke wucewa da shanunsa safe da yamma. Ranar nan ya tsaya ya harɗe sanda a wuya ya leƙa.

Ya ce, "Magini, gida kake yi ko tabki?"

Na ce, "Gida, Ja'e. Har takwas."

Ya ce, "To. In ruwa ya sauka zan kawo shanu su yi maka godiya."

Na yi dariya na ce mutumin daji me ya sani. Ranar da na zo kafa tushen gida na bakwai, na auna taku, sai na ga taku na ƙarshe cikin rami yake faɗawa. Iro, ubanka ya haƙe gida biyu ya gina shida da su.

Kuskure na biyu ya fi wannan kama da hankali, shi ya sa ya fi ciwo. Kai ɗan bulo ne, wataƙila ka manta: bangon ƙasa ba a tayar da shi rana ɗaya. Ka ɗora tubali 'yan jeri, ka lulluɓe, ka bar shi ya sha iska, sannan ka dawo. Sai na ce maimakon in zauna ina jiran bango ya bushe, in ɗora ma na ɗaya in wuce na biyu, in bi su har na shida, kafin in zagayo na farko ya bushe. Na faɗa ma kaina wannan dabara na kuma yaba ma kaina. Gidaje shida suka taso tare kamar shuka, babu wanda ya fi wani ko da taƙi. Mutane na fitowa daga gari kallo. Ni kuwa ina tafiya tsakaninsu hannu a baya kamar hakimi.

Abin da na rasa, sai daga baya na gane shi. Duk gidan da na taɓa ginawa akwai mai shi tsaye a kaina yana cewa Tanko zafi ya fara, Tanko ina azara, Tanko jiya na ga hadari a gabas. Na tsani wannan mita duk rayuwata. Ashe ita ce ke rufa gida. Waɗannan shida ba su da mai su. Ba wanda ya taso ni da asuba, ba wanda ya kai ƙarata wajen kowa. Na ji daɗi ƙwarai, har bazara ta shigo.

Sannan na tashi neman azara. Mai azarar da na saba da shi ya saurare ni, ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce giginya ba dawa ba ce da za a girbe mani ita cikin mako, wanda ke son azarar gida shida tun kaka yake magana. Abin da ke hannunsa na gida biyu ne.

Na aika aka ɗauko Kawu Mani, ya zo bisa jaki, ya zagaya gidajen, ya leƙa ramin. Ya zauna ya ɓare goro.

Ya ce, "Rufe biyu. Huɗu ka bar ma Allah."

Na ce, "Kawu, waɗanne biyu? Duk ni na ɗora su."

Ya ce, "Ɗan nema, ba aurar da su za ka yi ba. Nuna biyu da yatsa."

Na kasa. Wallahi na kasa. Na je na tsaya gaban na farko in ce shi ne, sai in hango na huɗu da na fi gyara ma kusurwa. Har na fara lissafin in raba azarar daidai, kowane gida ya sami rufin ɗaki guda, kada wani ya ga an yi son kai. Gidan da ba kowa ciki, Iro, nake tsoron ya ji haushi. Kwana tara na ɓata a haka. Ranar da na haƙura muka hau biyun da ke kusa da hanya, mun gama zuba ƙasar rufi ke nan ko indararo ba mu gama sawa ba, bayan la'asar gabas ta yi baƙi.

Kwana uku ana ruwa. Na zauna a zauren ɗaya daga cikin biyun ina kallon sauran. Ba faɗuwa suka yi rigijib ba, da na fi so. Zama suka yi a hankali, kamar tsofaffi sun gaji, kafaɗu suka zube, ƙofofi suka buɗe baki, jan ruwa na gangarawa gabas yana komawa ramin da na haƙo ƙasarsu. Da aka ɗauke, Kawu Mani ya fito ya duba ya ce, "Ƙasar dai mai biyayya ce. Ka ga ta koma gida ba gardama." Washegari Ja'e ya kawo shanu, kamar yadda ya yi alkawari.

Daga nan ne aka sa mani Mai Gida Shida. Na lura tun kana yaro in an kira ni haka sai ka ɗaga kai kana jin daɗi. Ban taɓa gyara maka ba. Yau na gyara.

Biyun da suka tsira ma ba su bar ni na huta ba. Ɗaya shi ne wanda nake kwana ciki da damina. Ɗayan wani malamin makaranta, Malam Sani, ya karɓa. Na yi mashi zaure da shigifa da katanga doguwa, yadda ba mai hango cikin gida. Ya bi ni muna ta lanƙwasa har muka kai tsakar gida, ya ce, "Baba, ni da ko mata ba ni da ita, wa zan ɓoye a nan? Ina taga? Ina zan sa tebur in ga rubutu?" A zaure ya tare, shi da kekensa da fitilarsa, cikin gidan kuwa ya shuka kuɓewa. Ashe duk shidan ma kaina na gina, mutum mai iyali da awaki, alhali ba irina ne ke neman haya ba. Kafin ka ja igiya, ka je ka zauna da ma'aikatan nan, ka sha shayinsu, ka ga inda suke rataya riga da inda suke ajiye keke.

To, a nan ne kaina ke ɗaurewa. Na karanta abin da na rubuta, sai na ga kamar mai jaki ne ke koya ma direba tuƙi. Bulo ba ya narkewa. Kwano ba a jiran giginya kafin a same shi. Katangar da ka yi ma masallacin unguwa na faki ido na harbe ta da ƙafa don in gwada, babban yatsana bai yafe mani ba har yanzu. Gari kuma ya taso ya iske filin, inda kare ba ya zuwa yanzu mai shayi ya kafa tebur. Wani lokaci sai in ce ashe ba wauta na yi ba, sammako na yi. Na faɗa ma uwarka haka, ta ce ana iya haɗa biyun. Ban sani ba ko tsoron da nake ji hankali ne, ko kuwa baƙin ciki ne kada ɗana ya iya abin da ya kayar da ni. Na duba zuciyata, na ga kowanne akwai kaɗan.

Amma ko a ruɗe, abu biyu na tsaya a kansu.

Na farko, siminti daga nesa yake zuwa, cikin motar wani, ranar da wani ya ga dama. Shi ne azararka. Alhaji Rabe mutumin kirki ne, amma in gyaɗa ta fito motarsa gyaɗa za ta ɗauka. Ka gama gida ɗaya, ka buga kwano, ka sa ƙofa, mutum ya shiga ya hura wuta, sannan ka haƙa tushen na biyu. Za a ce maka tafiyar ta yi nawa. Ka ce ubanka ya gwada mai sauri. Ka kuma nemi mutum mai mita, wanda ba ya jin kunyarka, ka roƙe shi ya riƙa damunka.

Na biyu shi ne abin da ya hana ni cin tuwo. Ramin nan yana nan. Bangayen da suka zube sun cika rabinsa, shara da kashin shanun Ja'e da shekaru suka cika sauran, yanzu ya shafe kamar tafin hannu. Wurin da gero ke fin kaina tsawo, da kake cewa albarka ce, shi ne. Ranar da kuka zo da mai awo ya ja sarƙarsa ta bisa wurin, ina tsaye. Alhaji Rabe na ta ce mani babban magini, babban magini, sai na bari aka rubuta gida takwas. Zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, ƙasar ciki kuwa taushi gare ta kamar gari. Ka ɗora mata bulo, shekara biyu bango zai buɗe, kuma wannan karon da mutane a ciki. Na yi shiru don kada a yi mani dariya, alhali shekara goma sha ana yi.

Kada ka tambaye ni iyakarsa a takarda. Da wata aduwa nake gane bakinsa, an sare ta. Jiya na ce taku arba'in ne daga hanya, yau na tashi ina jin sittin. Sai na zo da kaina da sandar ƙarfe mun bi muna cakawa, inda ta shige ba gardama nan ne.

Saboda haka ga amsarka. Na ba ka filin, duk inda ƙasa ke da tauri, gida shida ne in ka yi sa'a. Bisa ramin ka bar mani in ci gaba da shuka. Geronsa ba zai kai mu kaka ba, in ya kai bazara mun gode, sauran in koma yaɓen katangun mutane, hannuna bai mutu ba tukuna. Ban ce na tabbata daidai na yi ba. Kada ka kafa ko turke ɗaya sai na iso, ranar kasuwa ta sama in Allah ya kai mu.

Saura abu guda. Uwarka ba ta sani ba tukuna. Wannan karon na yi niyyar neman izni kafin a kai kasuwa, sai ga shi na riga na rubuta, tawada kuma ba ta gogewa. Kada ka aiko da godiya ta bakin kowa. Ka aiko kawai a ce ka sauka lafiya. Yau bayan ta ci abinci zan faɗa mata, daga bakin ƙofa, da takalmina a ƙafa. In ɗan aikenka bai same ni a gida ba, ya duba zauren Kawu Mani.

Allah ya sa ka fi ni, ya ba ka ƙasa mai tauri da abokan arziki, ya kare ka daga faɗowa daga bisa da faɗawa hannun mugu. Ka riƙe salla, ka ci abinci kafin ka hau gini. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Ni ne mahaifinka,
Tanko magini, Kurfi.